Tafin Lasifika

Tun kafin ka hango shagon askinsa kake jin muryarsa, shi ya sa duk layin babu mai kiransa da sunan yanka, Lasifika kowa yake ce masa. Mutumin kirki ne, hannunsa da sauƙi, bai taɓa yankar kunnen kowa ba, sai dai Allah bai haɗa shi da magana a hankali ba. Idan ya sunkuya zai raɗa wa wanda yake yi wa aski wani sirri, mai gyaran takalmi na tsallaken titi ne yake fara ba da amsa.

'Ya'yansa duk sun kama gabansu, amma Auta ce 'yar gaban goshi, kuma ita ce ta ɗauko abin da babu wanda ya taɓa ɗaukowa a zuri'arsu, wato busa sarewa. Ba sarewar kara ba, wata doguwa ta ƙarfe mai maɓallai da ake riƙewa a kaikaice. Ta yi karatun abin har ta samu gurbi a ƙungiyar makaɗa ta babban zauren birnin, masu kiɗan gargajiyar Turai, irin wanda makaɗa da yawa suke zama cikin baƙaƙen kaya, wani ya tsaya a gabansu yana kaɗa siririyar sanda. Hotonta da sarewar yana maƙale a jikin madubin shagon, kuma duk wanda ya zauna a kujerar aski sai ya sha labarinta kafin a kakkaɓe masa wuya.

Abin da ba ya cikin labarin shi ne, Lasifika bai taɓa ganinta a wannan dandamali ba. Tun tana ƙarama, a wani taron makaranta, ta tsaya tana busa, ta zo wurin da ake ɗan dakatawa a ja numfashi, shi kuwa ya ɗauka an gama. Ya miƙe yana tafi, yana gaya wa jama'a cewa 'yarsa ce. Zauren ya kwashe da dariya, yarinya ta rikice, ta manta inda ta tsaya, ta sauka tana kuka. Daga ranar babu wanda ya ce masa kada ya ƙara zuwa, amma tikiti guda ɗaya yake zuwa gidan, kuma a hannun Maman Auta yake sauka. Yakan ce ai aiki ya yi masa yawa. Abin yana ci masa rai ƙwarai, bai dai taɓa faɗa ba, kuma wannan kaɗai ne sirrin da ya iya riƙewa a rayuwarsa.

Wata rana da hantsi sai ga Auta a shagon. Ta gaishe shi, ta gaida Tsohon Direba, wanda kullum yake zaune a kan bencin jira duk da cewa rabon kansa da gashi tun Auta tana goye. Ta ajiye abu biyu a kan kanta, tsakanin kilifa da gwangwanin hoda: tikiti da wani tsohon faifan CD. Ta ce kiɗan da ke ciki shi za su yi a ƙarshen wata, ya riƙa saurara don kunnensa ya saba.

"Baba, kiɗan nan kashi-kashi ne," in ji ta. "Idan ka ji an yi shiru, ba gamawa aka yi ba. Ba a tafi, ba a magana, sai an kai ƙarshen ƙarshe." Ta gyara igiyar jakarta. "In kuma ka ga zai takura ka, ba dole ba ne."

Wannan "ba dole ba ne" ita ce ta tsaya masa a wuya. Ya gane sarai cewa jarrabawa ce, kuma idan ya faɗi, tikiti na biyu ba zai ƙara shigowa gidansa ba. Tana fita ya kashe rediyo, ya kakkaɓe ƙurar na'urar faifai da ke ƙarƙashin kanta, ya saka.

Sauraron farko bai yi armashi ba. Kiɗa ya tashi, goge-goge da yawa suna ta kai da kawo, ƙahonni suna amsawa, Lasifika ya tsaya riƙe da almakashi yana jiran mawaƙi ya shigo. Ya jira, ya jira. Can sai ya tambayi Direba ko shi ma yana ganin share fagen ya yi tsawo. Direba ya ce mai yiwuwa mawaƙin motarsa ce ta lalace a hanya. Da Tela na shagon gefe ya leƙo ya ji abin da ake ciki, sai ya ce shi a saninsa irin wannan kiɗan babu mawaƙi sam, haka ake shansa gaya babu miya. Lasifika ya ce ba zai yiwu mutum kusan ɗari su taru ba a samu mai murya ko ɗaya a cikinsu ba. Yana cikin wannan musu kiɗan ya yi wata irin dira, ya tsaya cak. Kafin ya ankara hannayensa sun haɗu, almakashi da mataji suna ƙara a tsakaninsu. Sai kiɗan ya ci gaba a hankali kamar ba a yi komai ba.

Direba ya yi dariya har da buga ƙafa. Daga ranar ya naɗa kansa alƙalin wasa. Duk lokacin da aka zo wurin shiru sai ya zuba wa hannayen Lasifika ido, idan suka motsa ya ce an kore shi daga zaure, ya tattara ya fita. A makon farko an kori Lasifika daga shagonsa sau ba adadi. Masu zuwa aski suka shiga wasan, har akwai wanda ya ce a gama masa gefe ɗaya tukuna kafin shirun ya zo, don ba ya son a yi tafi da kunnensa a tsakiya.

Da ya ga ƙirga ba za ta fisshe shi ba, sai ya raɗa wa kowane kashi suna. Na farko ya kira shi Rigimar Tasha, saboda kowa yana magana babu mai jiran wani. Na biyu Ban Haƙuri, mai tafiya sannu-sannu. Na uku Wasan Yara. Na huɗu kuwa An Taso Daga Aiki, domin kowa gudu yake yi, ga ganguna, ga ƙahonni, ga dira a kan dira, har sai an yi wata babba da take girgiza kwalaben da ke kan kanta. A kwanakin farko nan yake kashe na'urar ya ce alhamdu lillahi.

Ran nan sai aka yi babbar dirar yana tsakiyar gyara wa wani gemu, hannunsa duk kumfa, bai samu damar kashewa ba. Shiru ya yi tsawo. Ya ɗauraye hannu, ya miƙa yatsa zai danna, sai ya ji sarewa. Ita kaɗai, babu goge, babu ganga. Ta fara daga ƙasa a hankali, ta hau, ta ɗan tsaya kamar mai tunanin abin da za ta faɗa, ta sauko. Lasifika ya tsaya da yatsansa a miƙe. Bai san me ake cewa ba, tunda ba a ce komai ba, amma ya tuna lokacin da Auta take zama a bayan ƙofa tana koyon busa a hankali don kada ta dami kowa. Mai gemu ya yi gyaran murya sau biyu kafin a tuna da shi.

Nan take ya warware lissafin. Ashe kashi biyar ne. Ashe duk wannan hayaniyar share fage ce, a ƙarshe kowa zai ajiye kayan kiɗansa, sarewa ta yi magana ita kaɗai. Kuma wa ke riƙe da sarewa a ƙungiyar? Shi ya sa aka gayyace shi bana. Yarinyar ce da kunya, ba za ta iya buɗe baki ta ce ita za ta rufe taro ba. Wannan kashin bai wahala wajen nema masa suna ba, Na Auta ya kira shi.

Daga nan sauraron ya canza. Ya daina jiran shiru kamar mai jiran tarko, ya fara jin abin da ke tsakani. Ya gano cewa ɗan zancen da gogen ya faɗa a Rigimar Tasha shi ne yake dawowa a An Taso Daga Aiki, ya sake kaya kawai. Ya gano inda sarewa take leƙowa a Ban Haƙuri ta koma. Idan Na Auta ya zo kuwa, dokar shago ce, kilifa tana mutuwa, baki yana mutuwa. Mutanen layi suka fara tambayar ko lafiya, sun wuce ba su ji muryarsa ba. Direba ya ce shi shekara da shekaru yana addu'ar Allah Ya kawo abin da zai rufe bakin mutumin nan, bai taɓa zaton busa ce za ta yi ba.

A gida Maman Auta ta yi masa tayin taimako. Ta ce tunda kusa za su zauna, ya bari idan lokaci ya yi za ta taɓa masa gwiwa. Ya tambaye ta ita ta yaya take ganewa. Ta ce ita ba ruwanta da wani kashi, 'yarta take kallo, idan ta ga mutane sun tafa ta tafa. Lasifika ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce ta riƙe taɓinta, shi ya wuce wannan ajin. Ko da Auta ta kira a waya ta tambayi yadda sauraro yake tafiya, cewa ya yi ana kan hanya. Bai ce mata ya gano sirrinta ba, don kada ya ɗora mata nauyi.

Ranar taro da yamma ya sa rigarsa mafi kyau, wadda Tela ya rage wa hannu don kada ta riƙa motsi. Zauren ya fi yadda ya zata girma, kujeru jajaye masu naɗewa da kansu, fitilu can sama, sanyi kamar cikin firiji. Ya hango Auta a tsakiyar makaɗa, a bayan masu goge, cikin baƙar doguwar riga. Zuciyarsa ta ce ya ɗaga mata hannu, ya danne hannun a ƙarƙashin cinya. Da makaɗan suka fara gwada kayansu kowa da abin da yake bugawa, hankalinsa ya tashi, don wannan ba ya cikin faifai, ya ɗauka sun fara da ɓata. Maman Auta ta raɗa masa cewa saiti suke yi. Ya gyaɗa kai kamar dama ya sani.

Mai sanda ya shigo, aka fara. Lasifika ya sha mamakin yadda abin yake da rai a fili, har ƙasan kujerarsa yana jin babban goge. Rigimar Tasha ta ƙare, aka yi shiru, sai wasu can baya suka ɓarke da tafi, suka ga babu mai taya su, suka daina a kunyace. Lasifika ya waiga ya dube su da irin kallon da likita yake yi wa mai ciwon da shi ma ya taɓa yi. Ban Haƙuri ya wuce, sarewar Auta ta leƙo daidai inda ya san za ta leƙo, ya cije leɓe. Wasan Yara ya wuce. Ko tari bai yi ba, ko da yake maƙogwaronsa ya yi ta roƙo.

An Taso Daga Aiki ya zo da gudunsa, dira a kan dira, har babbar. Lasifika ya gyara zama, ya ja numfashi, ya ce a ransa to yanzu ne.

Sai zauren gaba ɗaya ya tashi da tafi.

Bai taɓa jin takaici irin na wannan lokacin ba. Mutane masu ƙananan kaya da tabarau, waɗanda ya ɗauka sun san abin, ashe duk 'yan koyo ne. Za su tattake wa 'yarsa wurinta, daidai abin da shi ya yi mata tana ƙarama. Ya juya wajen mutumin da ke gefensa ya ce masa shhh, kuma shhh ɗin Lasifika sai da layi uku suka waigo. Ya dubi ɗaya gefen, ga Maman Auta a tsaye tana tafi har da share hawaye. Ya ja gefen mayafinta ya ce ta zauna ba a gama ba. Ta fizge abinta.

Mai sanda ya juyo ya rusuna, sannan ya nuna Auta da hannu. Ta miƙe riƙe da sarewa. Lasifika ya ce yawwa, ga mai hankali ɗaya, zai sa ta fara ko sa yi shiru. Ya harɗe hannu a ƙirji, ya ɗaure fuska tamau don kada ko murmushinsa ya rikita ta. Auta ta bi layuka da ido har ta same shi: kowa a tsaye, shi kaɗai a zaune, hannu a harɗe, fuska babu annuri. Ya ga murmushinta ya ragu. Ta rusuna ta zauna. Bayan ɗan lokaci makaɗan suka tattara takardunsu suka fice, aka kunna manyan fitilu.

A barandar da ke bayan zauren suka jira ta. Maman Auta ta yi masa tatas, ta ce da can ya yi tafi inda ba a so, yau ya hana inda ake so, ita dai ba ta san irin mutumin da ta aura ba. Bai kula ta ba, ransa a ɓace yake da jama'ar garin baki ɗaya. Can sai ga Auta da 'yar jakar sarewarta. Ta rungumi mamanta, sannan ta tsaya gabansa tana kallon ƙasa.

"Baba, bai yi maka daɗi ba ko?"

"Sun cuce ki," in ji shi. "Kuma shi mai sandan nan ba shi da kataɓus. Da ya ɗaga hannu ya tsawatar, ai da sun yi shiru kin yi naki."

"Nawa kuma?"

"Na biyar ɗin mana. Wanda kike ke kaɗai."

Ta ce kiɗan kashi huɗu ne. Ya ce biyar ne, yana da shaidu a shago. Da ya ga ba ta gane ba, sai ya rufe ido ya fara rera mata da hanci. Maman Auta ta ce tun da take da shi ba ta taɓa jin sauti mai laushi haka ya fito daga jikinsa ba. Ya fara daga ƙasa, ya hau, ya tsaya daidai inda sarewar take tsayawa, ya sauko.

Auta ta toshe baki da hannu. Dariya ce ta fara zuwa, har ta jingina da bango, sannan idonta ya kawo ruwa. Ta yi masa bayani cewa wannan wani ɗan kiɗa ne daban, na wani mai tsara kiɗa daban, masu buga faifan ne suka cike sauran wuri da shi. Ita kanta ta manta yana ciki, don ba ta bari faifan ya kai can.

Kunya ta rufe Lasifika. Ya tuna mutumin da ya ce wa shhh. Ya tuna fuskar da ya ɗaure wa 'yarsa a gaban jama'a. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, ke nan wannan karon ma ya ɓata.

 Auta ta tambaye shi sau nawa ya saurari faifan har ya haddace haka. Maman Auta ta ce ta je ta tambayi maƙwabta, su ma sun haddace. Sai Auta ta kama hannunsa, ta ja shi ta wata ƙaramar ƙofa suka koma cikin zauren. Babu kowa sai wani dattijo mai shara yana tura tsintsiya tsakanin kujeru. Ta zaunar da iyayenta a layin gaba, ta hau dandamali, ta buɗe jaka ta harhaɗa sarewar. Ta ce duk mai koyon sarewa sai ya bi ta kan wannan kiɗan, ta daɗe ba ta busa shi ba, idan ta yi kuskure ya yi haƙuri.

Ta busa. Bai yi daidai da na faifai ba, ya fi shi jinkiri, kuma yana jin jan numfashinta a tsakani, abin da faifai bai taɓa ba shi ba. Da ta zo wurin tsayawar nan, ta tsaya, ta dube shi. Hannayensa suna kan gwiwa, ko motsi. Ta ci gaba har ta sauko, sautin ya siranta ya ɓace. Hawaye yana bin gemunsa, bai share ba, don yana tsoron hannu in ya tashi ba zai tsaya a fuska ba.

Shiru ya yi tsawo. Mai shara ma ya jingina da tsintsiyarsa.

"An gama?" in ji Lasifika, a hankali.

"An gama, Baba."

Ya dubi Maman Auta don ya tabbatar. Ta miƙa hannu ta taɓa masa gwiwa.

Ya miƙe, kujerar ta naɗe a bayansa da ƙara. Tafin da ya tara tun Auta tana 'yar makaranta ya sauke shi gaba ɗaya, zauren da babu kowa yana maido masa da shi. Ya juya yana neman wanda zai gaya wa, bai ga kowa ba sai mai shara.

"'Yata ce!"

Mai shara ya ce ai ya gane tun ɗazu, Allah Ya raya. Auta ta rusuna har ƙasa, irin rusunawar da take yi wa cikakken zaure, ta ɗago tana share ido da bayan hannu.

"Ƙara, Baba," in ji ta. "Na can baya ba su ji ba."